Zauren Gwaggo: "Janareto" Suke Kiran 'Yata

Wasiƙu huɗu na ɗebo a wannan watan, domin duk hanya ɗaya suka biyo. Kamar kullum, na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa, na kuma rage tsawon wasu.

TAMBAYA

Gwaggo, barka da aiki. 'Yata shekararta 11, tana aji biyar na firamare, kuma tana da in'ina tun tana ƙarama. A gida ba ma ko lura, don in ta saki jiki surutu take kamar aku. Tun farkon zangon nan ta fara kukan ciwon ciki kowace safiya. Sau biyu ina kai ta asibiti ba a ga komai ba. Daga baya na lura duk ranar da babu makaranta ciwon ba ya zuwa. Da na matsa mata ne ta gaya mini cewa 'yan ajinsu "Janareto" suke kiranta. Wai in aka ce ta tashi ta yi karatu, wani yaro da ke zaune a bayanta sai ya riƙa yin kamar yana jan igiyar janareto, sauran su kwashe da dariya. Yanzu har 'yan wasu azuzuwan sun ɗauka. Na je na sami malamar ajin, ta ce wasan yara ne, kowa da sunan da ake tsokanarsa da shi, in na biye wa yarinyar sangarta ta zan yi. Babanta kuma ya ce ko dai ta share su ko ta rama. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga in cire ta daga makarantar. Me kika gani?

Daga wata uwa da ta rasa yadda za ta yi

AMSA

'Yata, sannu. Kin yi ƙoƙari da kika ƙirga ranakun da ciwon yake zuwa, iyaye da yawa sai an ci rabin shekara ana sayen magani kafin su farga. Abu ɗaya zan fara roƙonki: kada ki ce mata "ashe ma lafiyarki ƙalau". Ciwon gaskiya ne. Fargaba tana murɗa ciki, tana sa ciwon kai, tana hana barci, ko da likita ya duba bai ga komai ba.

Sai maganar malama. Wasa yana da alamominsa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san su. A wasa, wanda ake yi da shi ma yana dariya, gobe shi ma zai iya tsokanar wanda ya tsokane shi, kuma in ya ɓata rai ya ce a bari, ana bari. A cikin ukun nan wanne ne ya dace da 'yarki? Wani masanin halayyar ɗan Adam, Dan Olweus, haifaffen Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, shi ne ya fara bin wannan al'amari da bincike tun wajen 1970. Ya ce cin zali tsakanin ɗalibai ana gane shi da abu uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba. Ƙarfin nan bai tsaya ga damtse ba. Yawa ma ƙarfi ne, kaifin baki ma ƙarfi ne. Yarinya mai in'ina a gaban aji guda masu dariya, ina ƙarfi ya zo ɗaya?

Su ma can ba a ɗauki maganarsa da nauyi ba sai da aka yi rashi. A 1982 wasu yara maza uku a arewacin Norwe, 'yan shekara 10 zuwa 14, suka kashe kansu bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan makarantarsu. A 1983 gwamnatin ƙasar ta tashi tsaye da gangami a duk makarantu. Ban kawo wannan don in tayar miki da hankali ba. Na kawo ne don in malama ta sake ce miki "za ta manta", ki san abin da za ki ce. A Birtaniya an bi rayuwar mutane sama da 7,000 da aka haifa cikin mako guda a 1958, tun suna yara har suka kai 50. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna waɗanda aka tsangwama suna 'yan shekara 7 zuwa 11 sun fi sauran fama da damuwa da ƙuncin rai, kusan shekara arba'in bayan sun bar firamare.

Amma ba zan yi wa malamar nan tsawa da yawa ba, domin ni ma na taɓa zama ita, har na fi ta. Bari in ba ki labarin da ban cika bayarwa ba.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa an ba ni aji huɗu. Akwai wani yaro siriri a benci na uku, gefen taga, wanda kullum kafin a fita tara ya kifa kai a kan tebur. Rannan ina tsakiyar darasin lissafi, alli a hannuna, na waiwayo na gan shi ya tafi. Na buga dasta a jikin allo na ce, "Ku tayar mana da Sarkin Barci." Aji ya fashe. Gaskiyar da nake jin kunyarta har yau ita ce na ji daɗin dariyar nan. Sabuwar malama ce ni, ina neman yara su so ni, ga shi na samu a arha. Ya ɗago yana goge baki, yana kalle-kalle, bai ma san me ake wa dariya ba. Sau ɗaya na faɗa. Amma sunan ya bi shi filin wasa, ya bi shi hanyar gida, ya bi shi har ya gama aji shida. In ba wajen kiran rajista ba, ba ka jin sunansa na gaskiya a bakin kowa. Sai a ƙarshen shekarar da zai fita wata malama take gaya mini cewa mahaifiyarsa ta daɗe a kwance, shi ne yake raino da jijjiga ƙanwarsa cikin dare.

Bayan kamar shekara ashirin, ina zaune a layin ganin likita, wani magidanci mai gemu ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa irin amsar da ake yi wa wanda ba a gane ba. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ba ki gane ni ba? Sarkin Barci ne." Da wannan sunan ya gabatar da kansa, don ya san da shi kaɗai zan tuna shi. Kuma ya yi gaskiya. Na yi ta lalube a kaina ina neman sunan da iyayensa suka sa masa, ban samo ba, sai da na tambaye shi. Na nemi gafararsa a wurin, ya ce ba komai, ya wuce. Ni dai ban ga ya wuce ba, tunda ga shi yana ɗauke da shi a bakinsa.

Abin da na koya daga nan shi ne sunan banza da dariya yake rayuwa. Yaron da ke jan igiya a bayan 'yarki, in ya ja sau biyu ba wanda ya yi dariya, ba zai ja na uku ba. Wasu masu bincike a Kanada, Debra Pepler da Wendy Craig da abokan aikinsu, sun ɗauki hoton bidiyo na yara a filin wasan makarantun firamare a Toronto. Suka tarar a sama da kashi 80 cikin 100 na lokutan da ake cin zalin wani, akwai 'yan kallo a wurin. Ba kasafai 'yan kallon suke sa baki ba, amma in wani ya sa, a kashi 57 cikin 100 abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. Saboda haka aikin da ke gabanki ya fi yaro ɗaya. Aji ne gaba ɗaya, kuma malama ce kaɗai take riƙe da linzaminsa, shi ya sa ba na so ki mayar da ita abokiyar gaba.

Ki koma wurinta, wannan karon tare da babanta. Kafin ku je ki zauna da yarinyar ki rubuta abin da ya faru: rana kaza, a darasi kaza, wane ya yi kaza, su wane suka yi dariya. Takarda tana hana a ce "ƙorafin uwa ne kawai". In kun je kada ku ce "a yi wani abu", ku faɗi abin da kuke so a yi. A ɗauke yaron nan daga bayanta a mayar da shi gaba, inda idon malama yake. A riƙa gaya wa yarinyar tun yau sakin layin da za ta karanta gobe, ko a haɗa ta da wata su karanta tare da murya ɗaya, don masu in'ina da yawa harshensu yana sakewa in suna karatu tare da wani. In ta maƙale a kalma kada malama ta ƙarasa mata, kada ta ce "yi sauri", ta jira ta kamar yadda take jiran kowa. Kuma ranar da aka sake jan igiya, malama ta dakatar da darasi nan take, ta ce, "A ajina ba a yin haka," ta ci gaba. Ba a bukatar doguwar huɗuba. Kafin ku tashi ku tsayar da ranar da za ku dawo a duba, kamar bayan mako biyu. In ba ta motsa ba, ku kai takardar ofishin shugaban makaranta.

Abu biyu kada ki yarda da su. Kada ki yarda a tsayar da su gaban aji a ce su gaisa su yafe wa juna. Wannan maganin faɗa ne tsakanin tsara biyu da kowa ya yi laifi, ita kuwa me ta yi da za a yafe mata? Kuma duk yadda zuciya ta ɗebe ki, kada ki tare yaron a bakin ƙofar makaranta. Gobe labarin zai zama "Janareto ta kawo uwarta".

Shawarar babanta kuwa, na san inda ta fito, haka aka gaya masa shi ma yana yaro. Sharewa tana aiki a kan tsokanar rana ɗaya. Wadda ta kai zango guda, ai ta riga ta yi ta sharewa, cikinta ne ya ƙi sharewa. Ramuwa kuma, da baki za ta rama alhali a bakin ake kama ta? In ta kai hannu, ita za a kai ofis. Ki ba shi aikin da ya fi wannan: ya zauna da ita ya ce mata, "Ba laifinki ba ne, kuma kin kyauta da kika faɗa." Daga bakin uba wannan magana tana da wani nauyi daban. Ya kuma ba ta labarin Annabi Musa, wanda aka aika zuwa ga Fir'auna kuma ya roƙi Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, a kwance masa ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa. In akwai likitan gyaran magana inda za ki iya kai ta, ki kai ta, amma kada ta ɗauka cewa sai ta daina in'ina sannan ta cancanci a daina yi mata ba'a.

Ki kuma tambaye ta, "A ajin nan wace ce ba ta dariya?" Kusan kullum akwai ɗaya. Ki nemi uwar wannan yarinyar, ku san juna, yaran su riƙa tafiya tare. Ƙawa ɗaya tak tana canza yadda rana take wucewa.

Canjin makaranta ki ajiye shi a hannu, kada ki fara da shi, don sabuwar makaranta sabon aji ne da za ta sake tashi ta yi karatu a gabansu ba ta da kowa. Amma in kin bi duk hanyoyin nan, wata guda ya wuce, shugaban makaranta ma ya ce wasan yara ne, ki cire ta, ki kuma gaya mata sarai cewa makarantar ce ta gaza. In kuwa kika ji ta fara maganar gara ta mutu, ko ta daina cin abinci, ko kika ga rauni a jikinta, to ba zancen jiran mako biyu, ki kai ta wurin likita a ranar.

TAMBAYA

Gwaggo, ni malami ne a ƙaramar sakandare. Bana aka ɗora mini darasin tarbiyya, minti 40 a mako. Yaran sun haddace ma'anar gaskiya da amana da tausayi, a jarrabawa suna cin 80 da 90. Abin da ya kashe mini jiki, wanda ya zo na ɗaya a darasin shi ne jagoran masu tsangwamar wani yaro mai ƙiba da suke kira "Tanki". Na zane shi sau biyu, abin ya bar aji ya koma bayan banɗaki. Anya darasin nan ba ɓata lokaci ba ne?

Daga wani malami

AMSA

Malam, abin da ka gano an gano shi kusan shekara ɗari da suka wuce. A Amurka, wasu masana biyu, Hugh Hartshorne da Mark May, sun gwada dubban yara ta hanyar ba su damar satar amsa ko yin ƙarya a inda suke zaton ba mai gani. Sakamakon da suka fara fitarwa a 1928 ya nuna cewa sanin abin da ya dace a takarda bai cika nuna abin da yaro zai aikata ba, kuma yaro ɗaya yana iya riƙe gaskiya a nan ya saki a can. Ɗalibinka na ɗaya bai yi maka ƙarya a jarrabawa ba. Ya san ma'anar tausayi sarai. Abin da ya kuma sani shi ne in ya ce "Tanki" yana samun dariya da mabiya, in ya rubuta ma'anar tausayi yana samun maki, kuma ba wanda ya taɓa sa shi ya zaɓi ɗaya.

Bulala kuma, ka ga da idonka abin da ta yi, ta sauya wa abin wuri ne kawai. Ni na yi shekaru ina riƙe da ita kafin in ajiye. Ka duba darasin da take koyarwa: wanda ya fi ƙarfi yana sa wa wanda bai kai shi ba ciwo a gaban jama'a. Ai darasin da yaron ya riga ya ƙware a kai ke nan. Sannan wanda aka zana yakan je ya fanshe a kan wanda ya ja masa.

Ban ce ka bar darasin ba. Ka fitar da shi daga littafi. Mako mai zuwa ka zana taswirar makarantar a allo, azuzuwa da filin wasa da banɗaki da bakin famfo da bakin ƙofa. Ka raba wa kowa 'yar takarda, ba suna, ka ce su rubuta inda ba sa son bi su kaɗai, da sunayen banza da suke ji ana kira. Ka tattara ka karanta kai kaɗai. Na yi wannan sau da yawa, kuma ba a taɓa yi ban sha mamaki ba: wurare biyu ko uku ne kawai suke ta maimaituwa, kuma duk inda babu babba ne a lokacin tara da lokacin tashi. Ka kai wa shugaban makaranta, a raba wa malamai tsayuwa a wuraren. Bayan gangamin Norwe da na ambata a sama, an gwada tsarin Olweus a makarantu 42 na Bergen, cin zali ya ragu da kusan rabi. Ba wani sihiri a ciki: ƙa'idoji kaɗan da kowa ya sani, manya a filin wasa, da magana da yaro da iyayensa tun abin yana ƙarami.

Sai 'yan kallo. A Finlan, Farfesa Christina Salmivalli ta jami'ar Turku ta nuna cewa a duk cin zali ajin yana rabuwa: akwai masu taya shi da hannu, akwai masu zuga shi da dariya, akwai masu kau da kai, akwai 'yan kaɗan masu kare wanda ake zalunta. A kan haka aka gina shirin KiVa da aka baza a makarantun ƙasar daga 2009, wanda ya fi mayar da hankali ga sauran ajin. Ka rubuta rukunan nan huɗu a allo, kada ka kira sunan kowa, ka ce kowa ya tambayi kansa inda ya tsaya jiya. Za ka ga aji ya yi tsit. Daga nan ku gwada a aikace: me mutum zai ce in ya ji an kira wani da sunan banza? Yara suna bukatar kalmomin a bakinsu tun kafin ranar, ko da "Kai, bari mana" ne, ko "Ba sunansa ke nan ba".

Shi kuma na ɗayan naka, kada ka yar da shi. A jihar New Jersey ta Amurka an yi gwaji a makarantu 56, aka zaɓi wasu ɗalibai aka ba su ragamar yaƙi da tsangwama da kalmominsu, rahotannin rikici suka ragu a cikin shekara guda, kuma abin ya fi tasiri inda aka dace da yaran da sauran suke kallo suna kwaikwayo. Yaronka irinsu ne. Ka kira shi kai da shi, ka gaya masa abin da ka sani ba tare da tambayar "gaskiya ne ko ƙarya" ba, ka gaya masa abin da zai biyo baya in ya sake, sannan ka ce kana bukatarsa. Wani yana juyowa, wani ba ya juyowa.

Tunda darasin tarbiyya ne, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta ishe ka manhaja ta zango guda: ta hana wasu su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Sai dai kafin ka karanta musu, ka kai ta ɗakin malamai. Ka saurari abin da ake kiran yara da shi a can, su "daƙiƙi", su "ƙaton banza", su "ɗan kurma". Yaran suna ji ta taga.

TAMBAYA

An kira ni makaranta wai ɗana, ɗan shekara 13, yana ƙwace wa ƙananan yara kuɗin tara yana kuma sa musu sunaye. Gwaggo, yaron nan a gida ko ido ba ya haɗawa da ni. Na gaya musu sharri ake masa. Yanzu sun ce in an sake za su dakatar da shi.

Daga wani uba

AMSA

Malam, mai yiwuwa ne sharri ne, amma rashin haɗa ido da kai ba hujja ba ce. Yaron da ke cin zali ya fi kowa sanin wanda ya fi shi ƙarfi, kuma kai ka fi shi. Shaidar da kake nema tana wurin ƙannensa, da 'yar aikin gidan in akwai, da yaran maƙwabta. Ka tambaye su a hankali, ba ya wurin.

Ka koma makarantar ka ce a gaya maka dalla-dalla, yaushe, a ina, su wa. In ta tabbata, kada ka ɗauko bel. Ka zaunar da shi ka ce ka san abin da ya faru. Zai ce wasa yake yi, ka tambaye shi ko yaran suna dariya. Kuɗin da ya karɓa ya biya daga nasa, har sai ya cika, ko da zai kai wata biyu. Ya nemi gafara da bakinsa, da sunan kowane yaro na gaskiya, in yaran sun yarda su saurare shi. Ka kuma bincika ko shi ma wani yana matsa masa, domin ba abin mamaki ba ne a tarar da siniya a samansa yana karɓar rabo.

Ka san hadisin da ke cikin Bukhari, wanda Anas ya ruwaito, cewa ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi ake zalunta, da aka tambayi yadda za a taimaki azzalumi aka ce a hana shi zaluncin. Malaman da suka kira ka wannan taimakon suke yi wa ɗanka. Tambaya ta ƙarshe, kuma ba sai ka ba ni amsa ba: in ranka ya ɓaci a gida, da wane suna kake kiransa?

TAMBAYA

Gwaggo, shekarata 15. A gurup ɗin ajinmu na WhatsApp wata ta ɗauki hoton wata yarinya tana hamma ta mayar da shi sitika, kowa yana turawa da wani suna da ba zan iya rubutawa ba. Ni ban tura ba, amma na sa alamar dariya sau ɗaya. Yanzu yarinyar ta fita daga gurup ɗin, a aji ma ba ta magana da kowa. Ina tsoron in na yi magana su dawo kaina.

Daga wata ɗaliba

AMSA

Jikata, tsoronki yana kan hanya, suna iya dawowa kanki, ba zan ɓoye miki ba. Shi ya sa ba zan ce ki shiga gurup ki yi musu wa'azi ke kaɗai ba.

Ki fara da abin da ba ya bukatar jarumta. Ki cire alamar dariyar nan, ki goge sitikar daga wayarki. Amma kafin ki goge ki ɗauki hoton allon wayar, yadda za a ga kwanan wata da waɗanda suka tura, ki nuna wa mamanki ko wata malama da kika yarda da ita, ki roƙa kada a ce daga wurinki ya fito. Wannan ba gulma ba ce. Mai gulma so take a shiga uku, ke kuwa so kike a fitar da wata daga ciki. Irin wannan na waya ya fi na aji muni ta wani fannin, don yana bin mutum har kan gadonsa, kuma ya yi yawan da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin ranar da ta ware, Alhamis ta farko a watan Nuwamba, don yaƙi da cin zali a makarantu. Rahotonta na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha tsangwama a watan da ya gabaci tambayarsa, kuma kamannin jiki ne dalilin da aka fi ambata.

Ki lura da waɗanda ba su tura ba, ba ke kaɗai ba ce. Ki sami biyu daga cikinsu, in an sake turawa ku ukun ku rubuta "ya isa haka", ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ki tura mata saƙo ke da ita, ki ce kin yi dariya kuma kin yi nadama. Wataƙila ba za ta amsa ba, kada ki ji haushi. Gobe in an fita tara ki je ki zauna kusa da ita, ko ba ku ce komai ba. Ki sake rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda kuka ƙare.